Masu Zamiya A Dutsen Toubkal: Kafin Azahar Sun Sauko

A watan Maris, lokacin da zafin bazara ke hana ɗalibai barci a Anka, Gummi da Bukkuyum, akwai wani yanki na Afirka da har yanzu yake lulluɓe da dusar ƙanƙara. Wannan wuri shi ne tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko, inda Dutsen Toubkal yake. Tsawonsa mita 4,167 ne, kuma babu dutsen da ya kai shi a duk Arewacin Afirka.

Daga Maris zuwa Afrilu, masu wasan zamiya a kan ƙanƙara sukan nufi can. Ba filin wasa da aka gyara suke zuwa ba, cikin tsaunin suke kutsawa, inda babu hanya, babu na'urar ɗaga mutane. Tafiyar takan fara daga ƙauyen Imlil, kudu da birnin Marrakesh. Mutanen ƙauyen Amazigh ne, dangin Buzaye ta wajen harshe. Su ne 'yan jagora, kuma alfadaransu ne ke ɗaukar kaya har inda ƙanƙara ta fara.

To, yaya mutum zai hau dutse da katakon da aka yi don santsi? Ana manna wa ƙasan katakon wani ƙyalle mai gashi. Gashin yana kwanciya idan ka tura ƙafa gaba, yana cijewa idan za ka zame baya. In an kai ƙololuwa sai a ɓare shi, a sulalo ƙasa.

Amma babban abin da ake koya a nan shi ne sanin lokaci. Da dare sanyi yana daskarar da ƙanƙarar ta yi tauri. Da hantsi samanta yakan yi laushi, ta yi daɗin zamiya. Idan rana ta take, ruwa ya ratsa ta, sai ta iya zaftarowa gaba ɗaya ta binne duk wanda ke ƙasa. Shi ya sa ake tashi tun da asuba da fitila a goshi, a sauko kafin azahar. Wanda lokaci ya ƙure masa, juyawa yake yi, ko da yana hango ƙololuwar.

Kowa kuma yana ɗauke da abubuwa uku: na'urar da ke nuna inda aka binne mutum, doguwar sanda ta lalube, da shebur. Dalili kuwa, wanda ya wuce kimanin minti 15 a ƙarƙashin ƙanƙara, damar rayuwarsa na raguwa sosai. Abokan tafiyarsa ne kaɗai za su iya ceto shi a kan kari.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da gulbi. A Satumban 2024, kwalekwale ɗauke da manoma ya kife a kusa da Gummi, aka rasa rayuka da dama. Ruwan damina ma yana da lokacinsa, kamar ƙanƙarar Toubkal.

Don haka, ɗan'uwa ɗalibi, idan damina ta zo ka isa bakin gulbi, ka duba cikar ruwan, ka ƙirga mutanen da ke cikin jirgin, ka tambayi rigar kariya. In jirgin ya cika, jira na gaba. Gara a yi maka faɗan makara a gona ko a makaranta.