Kajin gida: yadda ake gane ciwo tun kafin akurki ya zama kango

A unguwanninmu na Briqueterie a Yawunde da New Bell a Duwala, har zuwa Garwa da Marwa, da wuya ka shiga gidan da ba kaza ko guda biyar suna tone-tone a tsakar gida. Kaza ita ce asusun uwar gida. Da ita ake sayen littafin yaro, ita ake yanka wa baƙo, ita ake kaiwa kasuwa ranar da aljihu ya bushe. Shi ya sa idan annoba ta share akurki cikin mako guda, ba tsuntsaye kawai aka rasa ba, jari ne ya tafi. Na daɗe ina kiwon kaji a gida, kuma abin da na lura shi ne yawancinmu sunan kowane ciwo ɗaya muke ba shi, "ciwon kaji", maganin ma ɗaya, a fasa kafso a zuba a ruwa. To, ciwon ba ɗaya ba ne.

Ni da safe nake duba su, lokacin da na watsa tsaba. Lafiyayyar kaza da gudu take zuwa. Wadda ta raɓe gefe, ta saki fukafukai, ta lumshe ido, ita nake kamawa. Sai in duba zanko, ja ne ko ya koɗe. In duba ido da hanci, in saurari numfashi, in buɗe gashin ƙarƙashin fiffike, in juya tafin ƙafa, sannan in dubi kalar kashinta. Kafin komai kuma sai in ware ta a kwando daban, da ruwanta da abincinta.

Babbar mai kisa ita ce cutar Niyukasul, wadda ta fi yawa lokacin hunturu. Alamunta koren zawo, numfashi da baki buɗe, shanyewar ƙafa ko fiffike, wani lokaci wuya ya murɗe kaza ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Tana iya kashe kusan duk kajin gida. Ƙwayar bairos ce, don haka kafso ba ya taɓa ta, barkono ma haka, ɓawon maɗaci ma haka. Ba ta da magani sai rigakafi. Akwai na ɗigawa a ido, wanda ake maimaitawa kamar duk wata huɗu, akwai kuma na allura. Cibiyar LANAVET da ke Garwa tana haɗa alluran rigakafin kaji, kuma ma'aikatan kula da dabbobi na ma'aikatar MINEPIA sun san inda ake samu. Tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, shawarata maƙwabta su haɗa kuɗi a yi wa na layi duka rana ɗaya. Lafiyayyu ake yi wa, wadda ta riga ta kamu rigakafi ba zai tashe ta ba.

Murar tsuntsaye tana kama da Niyukasul ƙwarai, ido kaɗai ba ya raba su, sai gwaji. Mutanen Yawunde ba su manta watan Mayu na 2016 ba, lokacin da ta kashe dubban kaji a gonar Mvog-Betsi har aka hana sayar da kaji a birnin. Idan kaji da yawa suka mutu kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, a sanar da likitan dabbobi nan take. A nan ne nake roƙonmu kan wata al'ada: da an ga kaza za ta tafi, sai a ce maza a kawo wuƙa kada ta zama mushe. Yanka ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma mai figa da mai gyara kayan ciki su ne suka fi shiga haɗari, galibi mata da yara. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa a kwata.

Sauran cututtukan da sauƙi idan an gane su da wuri. Ƙuraje masu baƙin ɓawo a zanko da gefen ido, sauro ne ke yaɗa su. Na fata yakan warke cikin 'yan makonni, a riƙa shafa Betadine, kada a ɓantare ɓawon. Idan ya shiga cikin baki ya hana ci, wannan sai likita. Kashi da jini a 'yan tsaki masu mako uku zuwa shida yawanci ciwon hanji ne da ake kira koksidiyoz, kuma jiƙaƙƙen akurki ne ke haifar da shi. Ana ba da amprolium a ruwan sha daidai yadda aka rubuta a jikin leda, a kwashe shimfiɗar da ta jiƙe. Kumburin fuska da majina mai wari kuwa shi ne wanda maganin antibiyotik ke yi wa aiki, amma likita ya zaɓa, a cika kwanakin, kuma kada a ci ƙwai ko naman sai wa'adin da aka rubuta ya wuce.

Kaza mai yawan susa, wadda ta rame ta daina ƙwai, a duba ta da tocila da dare. Wasu ƙwarin a tsagar katako suke ɓuya da rana, da dare su fito shan jini. A share akurki, a ƙone tsohuwar ciyawar kwanci, a ajiye musu toka da yashi su yi birgima. Ƙafar da ta yi kaushi ta tattashi, man basilin ake shafa mata a kai a kai, yana toshe wa ƙwarin numfashi.

Rauni kuma, ko na shaho ne, ko muzuru, ko faɗan zakaru, a wanke da tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali biyu na gishiri a lita ɗaya, a shafa Betadine. Dole a ware ta, don kaji in sun ga jini ba sa barin tsattsaga. Mai ɗingishi da kumburi a tafin ƙafa, yawanci ƙusa ko kwalba ce ta yanke ta ƙwayar cuta ta shiga. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, a ɗaure da tsumma mai tsabta. Wadda ƙwai ya maƙale mata, tana yunƙuri ba ya fita, a zaunar da bayanta a ruwan ɗumi, a sa ta wuri mai duhu, kada a matsa cikin don kar ƙwan ya fashe.

Abu na ƙarshe, ƙofar da ciwo ya fi shigowa ta ita, ita ce sabuwar kaza. Gab da Sallah da ƙarshen shekara kasuwa kan cika da kaji daga ko'ina, wasu ma don mai su ya ga alamar ciwo ne ya kawo su. Duk wadda aka saya ko aka kawo kyauta, ko daga gidan surukai ta fito, ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran. Allah Ya sa albarka a kiwonmu.