Lasin Matuƙin Jirgin Sama: Takarda Mai Wa'adi

Duk wanda ke bin titin Sakkwato daga Sabon Gari zuwa Samaru, da zarar ya kai Palladan yakan ji rugugin ƙananan jirage suna tashi suna sauka. Ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ke nan, wadda aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, macen da ta fara zama matuƙiyar jirgin haya a Nijeriya, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Yara da yawa suna ɗaga kai su yi sha'awar wannan aiki, amma kaɗan ne suka san cewa lasin matuƙi ya bambanta da takardar sakandare, wadda akan samu sau ɗaya a adana a akwati. Shi wa'adi gare shi.

Lasin hawa-hawa ne. Bisa ƙa'idar ICAO, hukumar duniya da yarjejeniyar Shikago ta 1944 ta haifar, lasin farko na tuƙin ƙashin kai yana bukatar shekara 17 da haihuwa da awa 40 a sama. Na haya yana bukatar shekara 18 da awa 200, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Babban lasin kuwa, wanda ke bai wa mutum damar jagorancin babban jirgin fasinja, sai an cika shekara 21 da awa 1,500. A Nijeriya hukumar NCAA ce ke ba da su. Kowane mataki da jarrabawarsa: dokokin sama, ilmin yanayi, sanin hanya, aikin inji, magana ta rediyo, da kuma halin jikin ɗan Adam.

Wannan darasi na ƙarshe shi ne fagen ilmin halittu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, a ƙasa ko a sama, sai dai nauyinta yana raguwa da tsawo, har a ƙafa 18,000 ya koma kusan rabi. Idan iskar cikin jirgi ta zurare a ƙafa 35,000, matuƙi ba shi da fiye da daƙiƙa 30 zuwa 60 na cikakken hankali kafin ya sa abin shaƙar oksijin. Irin wannan ƙarancin iska ne ya jawo faɗuwar jirgin Helios a ƙasar Girka a 2005, inda mutum 121 suka rasu. Haka kuma can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai. Cikin gajimare, ko cikin hazon hunturu irin namu, sukan yaudari matuƙi ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata. Don haka ake koya masa ya gaskata na'ura, ya ƙyale abin da jikinsa ke raya masa.

To, tun da jiki yana canzawa, dole shaidar lafiyarsa ta ƙare. Matuƙin haya yakan je wa likita duk wata 12, a duba zuciya da hawan jini da gani da ji. Idan ya wuce shekara 60 sai ya koma duk wata 6, a shekara 65 kuma ya daina tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe. Hannu ma yana mantuwa, shi ya sa ake so ya kasance ya tashi ya sauka aƙalla sau 3 cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. Bugu da ƙari, bayanan hanyoyin sama ana sabunta su duk kwana 28 a duniya baki ɗaya, saboda haka taswirar watan jiya tana iya zama tsohon labari. Matuƙin da ɗaya daga cikin takardunsa ta ƙare ba shi da izinin hawa kujerarsa, komai ƙwarewarsa. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sakaci da wannan al'amari yana da tsada. A 2020, bayan haɗarin jirgi a Karachi, ministan jiragen sama na Pakistan ya shaida wa majalisa cewa akwai shakku a kan lasin matuƙa 262. Tarayyar Turai ta hana jiragen kamfanin ƙasar sauka a cikinta, ba ta ɗage hanin ba sai a 2024.

Ɗalibin da ke da wannan buri sai ya dage da lissafi da fizis da labarin ƙasa, da kuma Ingilishi, domin da shi ake magana da hasumiya. Malamai kuma su ba iyaye shawarar a fara da zuwa asibiti kafin a kashe kuɗi. Wasu yara, musamman maza, ana haifarsu ba sa bambance ja da kore, alhali fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kuma kore. Gwajin 'yan mintoci ya isa a gano wannan. Daga nan sai ɗalibi ya saba da rubuta ranar kowane abu a littafi tun yana aji, domin matuƙin ƙwarai da kalanda yake fara aikinsa.