Yadda ƙyallayen da teloli ke zubarwa za su iya zama bargon hunturu a Jahun

A duk lokacin da sallah ta ƙarato, shagunan teloli a garin Jahun da ke Jihar Jigawa kan cika da guntayen atamfa da shadda. Akasarinsu bola suke ƙarewa, ko a cinna musu wuta.

Amma da hunturu ya kama a watannin Disamba da Janairu, gidaje da dama a garuruwan da ke kusa da Kogin Haɗejiya kan rasa abin da za su lulluɓa wa yara. Wasu ambaliyar 2022 ce ta lalata musu kayan shimfiɗa, ga shi bargon gwanjo ya yi tsada tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Waɗannan ƙyallaye za su iya toshe wannan kafa, domin allura ba baƙuwa ba ce a hannun matan Jigawa da suka saba da ɗinkin hula.

Wasu ƙasashe sun daɗe da ganewa

A Bangladesh, mata kan jera tsofaffin zannuwansu ɗaya bisa ɗaya, su bi su da ɗinkin hannu, su fitar da mayafin da suke kira kantha.

A ƙauyen Gee's Bend da ke Jihar Alabama a Amurka, matan baƙar fata sun riƙa haɗa barguna da tsofaffin tufafin aiki saboda talauci. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a jikin kan sarki.

A nan gida ma, ƙungiyar mata ta Queen Amina Embroiderers da aka kafa a Zariya a 1994 tana ɗora irin aikin babbar riga a kan kayan adon ɗaki tana sayarwa.

Yadda sabon shiga zai fara

Abin da ake buƙata bai wuce ƙyallaye da allura da zare mai ƙwari da almakashi da alli da tsofaffin zannuwa biyu ba.

Da farko a wanke ƙyallayen a goge su, saboda yadin da ke zuba ya zube kafin ya ɓata sauran. A haɗa masu kauri ɗaya, don shadda mai nauyi kan yaga yadi marar ƙwari idan aka ɗinke su tare.

Sai a yanka kwali mai kusurwa huɗu, santimita 17 kowane gefe, a riƙa ɗora shi ana zanawa da alli ana yankawa. Ɗinki zai ci santimita ɗaya a kowane gefe, ya rage 15.

Zai fi kyau a fara da bargon jariri: ƙyalle 48, shida a faɗi, takwas a tsawo, wato santimita 90 da 120. Na babba kuwa yana cin ƙyalle 140.

Ana fara haɗa layi-layi, sannan a haɗe layukan. Daga nan a shimfiɗa zane ɗaya a ƙasa a matsayin shafi, ɗaya a tsakiya domin ɗumi, a ɗora haɗaɗɗen a sama.

Adon shi ne ƙarfin bargon

Ɗinkin da ke ratsa shimfiɗun uku shi ke hana su zamewa idan an yi wanki. A fara shi daga tsakiya zuwa gefe don kada bargon ya tattare, a bar tazarar yatsu uku tsakanin layuka.

Da zare mai launi, ɗinkin shiga da fita kawai ya isa ado. Wadda hannunta ya faɗa za ta iya zana dagi ko aska biyu a tsakiya. A ƙarshe a kalmashe baki a ɗinke.

Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ya kamata a fara tara ƙyallaye tun da damina. Hausawa dai na cewa da sanyin safiya ake kama fara.