Yadda Ake Koya Wa Kwamfuta Jin Motsin Katafila Kafin Ta Tsinke Wayar Intanet

Ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, ana cikin makon farko na azumi, intanet ta yi tsaye cak a sassa da dama na Afirka ta Yamma. A Najeriya manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗewa, masu POS suka wuni suna ba mutane haƙuri. Da yawa sun ɗora laifin a kan wayoyinsu ko layukansu, wasu har da cire sim a goge a mayar. Ashe abin daga ƙarƙashin teku yake. Manyan wayoyi huɗu ne suka samu matsala a tekun da ke daura da Kwaddebuwa: MainOne da WACS da ACE da kuma SAT-3. Kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a can ƙasan teku, kuma sai da aka kwashe makonni kafin jiragen gyara su kammala aiki.

Wannan rana ta tona wani abu da yawancin masu riƙe da waya ba sa lura da shi. Tafiyar da saƙo ke yi a iska gajera ce ƙwarai, daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan mafi yawan tafiyar a cikin wayar faiba ake yin ta, wato zaren gilashi da aka binne a gefen titi ko aka shimfiɗa a ƙasan teku. Bidiyon TikTok da hoton da aka tura ta WhatsApp duk haske suke komawa kafin su isa inda za su. A wannan duniya ta haske ne injiniyoyi ke ta gwada fasahar koyon na'ura, reshen ƙirƙirarriyar basira da kwamfuta ke gano tsari da kanta daga tarin misalai, maimakon a rubuta mata doka ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke cikin zaren

Zaren faiba kaurinsa bai wuce na gashin kai ba, kuma tsakiyarsa da haske ke bi ta fi haka siranta sau goma da ɗoriya. A 1966 ne Charles Kao, ɗan asalin China da ke aiki a Ingila, shi da abokin aikinsa George Hockham, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne ke cinye haske, in aka tace shi za a iya aika saƙo nesa. Kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan gilashi a 1970, shi kuma Kao ya samu kyautar Nobel a 2009.

Hasken leza na gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya a cikin gilashin, amma yana raguwa a hanya. Kusan rabinsa kan ɓace a duk kilomita 15, shi ya sa ake dasa masa amfilifaya a kusan kowane kilomita 80 don ƙara masa ƙarfi. Sannan ba launi ɗaya ake aikawa ba. Zare guda kan ɗauki launuka gommai a lokaci guda, kowanne da nasa kayan, kamar babban titi mai hannuwa da yawa. Da irin wannan dabara aka tsara wayar Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a watan Afrilun 2022, ta iya ɗaukar terabit 144 a daƙiƙa.

Inda gilashi ke gaza wa

Mai karatu zai ce to a ƙara wa lezar ƙarfi mana, saƙo ya fi fitowa tas. Nan gizo ke saƙar. Idan haske ya yi ƙarfi da yawa, yakan ɗan sauya halin gilashin da yake ratsawa, gilashin kuma ya murɗe siffar hasken, launuka su shiga damun juna. Ana danganta wannan hali da John Kerr, wani masanin Sikotland na ƙarni na 19. Kamar lasifikar gidan biki ce: a ƙara murya kaɗan a ji daɗi, a ƙure ta sai ƙara da karkarwa, ba mai gane abin da mawaƙi ke faɗa.

Akwai lissafin da ke warware wannan murɗiya, sai dai nauyinsa ya yi yawa. Na'urar da ke karɓar hasken tana karanta alamomi sama da biliyan 100 a daƙiƙa, kuma duk aikin a kan ɗan ƙaramin abin nan da masu gyaran waya ke kira aisi ake yin sa, wanda ba a so ya yi zafi ko ya sha wuta da yawa. A 2018 Christian Häger da Henry Pfister suka lura cewa matakan wancan lissafi sun yi kama da jerin hawa-hawa na ragar jijiyoyin kwamfuta, irin wadda ake horarwa ta gane hoto ko murya. Sai suka bar wa horo aikin zaɓo lambobin da ke cikin kowane mataki, aka samu gyara mai kyau da lissafi mara nauyi sosai. A shekarar dai, Boris Karanov da abokan aikinsa na jami'ar UCL ta Landan da Nokia Bell Labs suka bar kwamfuta ta ƙirƙiro wa kanta yadda za ta tsara saƙo a wajen aikawa da yadda za ta karanta shi a wajen karɓa. A gwajin da suka yi sun aika gigabit 42 a daƙiƙa a nisan da ya kai kilomita 40.

Gaskiyar magana, yawancin irin waɗannan nasarori har yanzu a ɗakin gwaji suke. Ribar da ake samu kaɗan ce idan aka auna da wutar da za a ƙara sha, kamfanoni kuma ba sa sauya aisi saboda takardar bincike ta yi kyau. Wanda ya fi kusa da shiga aikin yau da kullum shi ne hasashen ingancin hanya. Injiniya kan rage wa layi gudu da gangan don bai san takamaiman halin da amfilifayoyi da mahaɗai suke ciki ba, kamar direban da ke rage lodi saboda bai san hanyar ba. Manhajar da ta koyi halin layin daga ma'aunan da ake ɗauka kullum tana iya nuna cewa akwai sauran wuri, ko ta hango amfilifayar da ta fara gajiya tun ba ta mutu ba. Masu sha'awar rubuta manhaja za su iya leƙa GNPy, wadda aka rubuta da Python kuma take kyauta a GitHub. Ita da lissafin kimiyya zalla take aiki, kuma da irinta ake auna ko sabuwar dabarar koyon na'ura ta taɓuka wani abu.

Sai dai ga mai waya a Kano ko Kaduna, ƙarin gudu a kan wayar da ke tsakanin Landan da New York ba shi ne abin da ya fi damunsa ba. Damuwarsa ita ce sabis ya ɗauke da rana tsaka. Kuma abin da ya fi yawan jawo haka a Najeriya yana kan tudu: aikin titi, haƙar kwata, da masu yanke waya suna zaton tagulla ce a ciki. Hukumar NCC ta sha kokawa cewa ana tsinka wayoyin faiba sau dubbai a shekara, har ta kai a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Wayar da ta zama kunne

Na'urar da masu gyara suka daɗe da ita tana harba ɗan haske cikin zaren ta jira amsa. Gilashi komai tsabtarsa yana da 'yan ƙananan tabo da ke maido da ɗan burbushin hasken baya, kuma tunda an san gudun haske, lokacin da amsar ta ɗauka shi ke nuna nisa. Duk kilomita ɗaya, zuwa da dawowa, kusan kashi 10 ne cikin miliyan na daƙiƙa. Da haka ake gane cewa a kilomita kaza wayar ta tsinke. Amfaninta babba ne, amma bayan aikin gama ya gama take magana.

Sabuwar hanyar tana amfani da leza mai tsabta ƙwarai, tana harbawa sau dubbai a daƙiƙa. Idan ƙasa ta girgiza ko yaya, zaren kan ɗan miƙe ya koma, kuma wannan ɗan motsi yana sauya fasalin hasken da ke dawowa. Ta haka waya mai tsawon kilomita 50 ke komawa kamar an jera makirfo dubbai, ɗaya a kowane 'yan mitoci, duk daga akwati guda da ke ofis. Tana jin tirela, tana jin babur, tana jin takun mutum.

Matsalar ita ce jin ya yi yawa. Bayanan da ke fitowa a wuni ɗaya kan kai terabait, babu ɗan'adam da zai zauna ya saurare su. A nan koyon na'ura ya samu aikin da ya dace da shi. Ana mayar da bayanan hoto, nisa a gefe ɗaya, lokaci a ɗaya gefen. Mota mai tafiya kan bar layi a karkace, kuma daga karkatarsa ake gane gudunta. Katafila kuwa tana tsaye wuri guda tana dukan ƙasa, sai ta bar ɗige-ɗige masu maimaituwa a layi miƙaƙƙe. Mai haƙa da diga shi ma da irin nasa zanen, mai rauni da tazara. Irin ragar jijiyoyin da ke bambance fuskoki a hotunan waya ita ake horarwa ta bambance waɗannan zane-zane, ta aika gargaɗi cewa ana haƙa a kilomita kaza tun bokitin katafilar bai kai ga wayar ba. Kamfanonin bututun mai da iskar gas sun riga kamfanonin sadarwa amfani da wannan fasaha. A 2019 Verizon da NEC suka nuna a Amurka cewa zaren da ke ɗauke da bayanan mutane zai iya auna cunkoso da gudun motoci a lokaci guda, ba tare da an taɓa sadarwar ba.

Akwai hanya mai rahusa da ba ta buƙatar sabon akwati. Na'urorin karɓar haske na zamani dama suna bibiyar yadda kaɗawar hasken ke juyawa a cikin zare, domin sai da haka suke iya karanta saƙo. Girgiza tana taɓa wannan juyi. Da wannan ma'auni Google ta ga alamar girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.7 da ta auku kusa da Jamaika ranar 28 ga Janairu, 2020. A 2021 kuma Zhongwen Zhan na jami'ar Caltech da injiniyoyin Google suka wallafa yadda wayar Curie, mai tsawon sama da kilomita 10,000 daga Los Angeles zuwa Valparaiso a ƙasar Chile, ta ji girgizar ƙasa kusan 20 cikin wata tara. Rauninta shi ne tana faɗin cewa wani abu ya motsa, amma nuna ainihin wurin yana mata wuya.

Wani abin da ya kamata a fara tattaunawa tun yanzu: wayar da ke jin takun mai haƙa tana jin takun kowa. Wa ke riƙe da waɗannan bayanai, kuma wa za a iya miƙa wa, tambaya ce da ta shafi duk wanda waya ta bi ta ƙofar gidansa.

Ƙasar Kano da ƙasar Jamus

Manhaja abin da aka nuna mata kawai ta sani. Wadda aka horar a inda ƙasa ke da laima, waya na cikin bututu a zurfi daidai, titi kuma shiru da dare, za ta rikice idan aka kawo ta inda ake da jar ƙasa mai tauri a rani, taɓo a damina, janareta a kowane shago, injin niƙa a lungu, ga garken shanu na tsallaka titi. Ko daka a turmi, in aka duba, duka ne mai maimaituwa a wuri guda, kusan zanen mai diga. Manhajar da ke ihu sau ɗari a rana kan abin da ba komai ba, mako ɗaya ya isa ma'aikata su daina kula ta, ranar da katafilar gaske ta zo kuwa ba mai tashi.

Sannan gargaɗi ba ya tsayar da katafila. Sai an samu wanda zai hau babur ya isa wurin cikin 'yan mintuna, da taswirar da ta nuna cewa kilomita 23 na waya daidai yake da wace mahaɗa a kan titi, domin waya ba ta tafiya a miƙe, kuma akan naɗe ragowarta a ramuka. Sai kuma ɗan kwangilar da zai saurara idan an ce ya dakata. Duk da haka, ko rabin tsinkewar aka kauce wa, mai POS da ɗalibin da ke cike fom ɗin JAMB za su ji bambanci fiye da duk wani sabon tarihin gudu da za a kafa a ɗakin gwaji.

A 2024 ministan sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba, a kan kusan 35,000 da ake da su. Lokacin binnewa ne ya fi sauƙi a ware zare ɗaya don sauraro a kuma zana taswira mai kyau. Bayanan horo kuwa ba a sayo su daga waje. Sai wani ya tsaya a bakin titi da agogo da littafi, a rani da damina, yana rubuta cewa ƙarfe goma da minti 42 tirela ta wuce, sha ɗaya saura kwata an tayar da janareta, sha ɗaya da rabi katafila ta fara haƙa, a haɗa da abin da wayar ta ji a daidai waɗannan lokuta.