Gaskiya ko Jita-jita: Busasshen Itace da Kaskon Jin Ɗumi

Da zarar Disamba ta kama, iskar hunturu ta keto daga wajen Birnin Ƙonni, hira a Gidan Katta da sauran garuruwan Illela sai ta koma bakin wuta. A nan ake jin maganganu kan itace waɗanda aka gada kaka da kakanni, ba duka ne gaskiya ba.

"Ɗanyen icce ya fi auki a murhu." Daɗewa kam yana yi, auki ne babu. Kusan rabin nauyin itacen da aka saro yau ruwa ne, kuma sai wuta ta ƙafar da ruwan kafin ta ba da ɗumi. Kumfar da ke tsattsafowa a gindinsa shaida ce. Itacen da aka faskara ya bushe sosai, ruwansa ba ya wuce kashi 20 cikin 100. Wanda ya sayi ɗanye, ruwa da hayaƙi ya biya.

Cewa kirya da bagaruwa sun fi riƙe garwashi kuwa gaskiya ne. Maƙera ba su zaɓi gawayin kirya a banza ba.

"In hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi jawur, sai a shiga da kasko ɗaki a rufe." Wannan ita ce jita-jitar da ke cin rai. Garwashi, na busasshen itace ne ko na gawayi, yana ci gaba da fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jini ya fi kama ta a kan iskar oksijin sau fiye da 200. Ciwon kai ne farko, sai jiri da kasala, mai barci kuwa bai san ana yi ba. Abin takaicin, ɗakin mai jego da na tsofaffi aka fi toshewa, don tausayi.

Manja ko madarar da ake ɗura wa wanda ya shaƙa ba sa fitar da gubar, suna ma iya shaƙe wanda ya suma. A fito da shi sarari, a garzaya asibiti.

Jama'a, ku ɗumama ɗaki taga a buɗe, ku fitar da kasko tsakar gida kafin ku kwanta, ku ƙara bargo.