Tafiyar nutoron cikin ruwan sanyi da ruwan zafi

Kowane abu, dutse ko ruwa ko iska, ƙananan ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi shi. Sunansu ƙwayoyin zarra. Ido ba ya ganinsu. A tsakiyar mafi yawansu akwai wata ƴar ƙwaya da ake kira nutoron. Wani masani ɗan Ingila, James Chadwick, shi ya gano ta a shekarar 1932.

Uraniyom ƙarfe ne mai nauyi. An fara haƙo shi a Arlit a 1971. In nutoron ta bugi ƙwayar uraniyom, ƙwayar tana iya tsagewa biyu. Sai zafi ya fito, tare da sababbin nutoron biyu ko uku. Su ma su je su tsaga waɗansu ƙwayoyin. Da wannan zafi ne tashoshin nukiliya ke yin lantarki.

Amma sabuwar nutoron gudu gare ta, wajen kilomita 20 000 cikin sakan ɗaya. Mai irin wannan gudu ba ta cika tsaga uraniyom ba, sai an rage mata shi. A tashoshi da yawa, ruwa ke yin wannan aiki. In ta shiga ruwa, ta bugi wannan ƙwaya, ta kauce, ta bugi waccan. Cikin ruwa mai zafin digiri 20, gudunta yakan sauka zuwa mita 2 200 cikin sakan. Tana ta kai da kawowa kamar yaro a kasuwa ranar cika, har ruwan ya haɗiye ta.

Masana suna awon nisan da take kaiwa. Sukan cika tanki da ruwa, su sa abin da ke fidda nutoron a tsakiya. Su jera siraran fallayen zinariya, wani kusa, wani nesa. Fallen da nutoron suka shiga yakan fidda wani haske da ido ba ya gani, na'ura ta ƙirga shi. Na kusa ya sami nutoron da yawa, na nesa kaɗan. Su rubuta. Sannan su ɗumama ruwan, su sake awo.

Awon ya nuna nutoron ta fi yin nisa cikin ruwan zafi. Ruwa in ya yi zafi yakan kumbura, ƙwayoyinsa su nisanci juna. Lita ɗaya ta ruwan sanyi kilo 1 ce. A digiri 300, cikin rufaffiyar tukunya mai ƙarfi, ba ta kai giram 750 ba. Kasuwa ta fara watsewa ke nan, yaro ya sami hanya.

Wannan sani yana kare mutane. In ruwan tasha ya yi zafi fiye da kima, nutoron da yawa ba sa samun isassun ƙwayoyin da za su rage musu gudu. Tsagewar uraniyom sai ta ragu, zafi ya sauka da kansa. Shi ya sa magina ke yin lissafi da wannan awo tun kafin su aza harsashin tasha.

Tambayoyi
1. Wa ya gano nutoron? A wace shekara?
2. Wane aiki ruwa ke yi wa nutoron?
3. Don me ta fi yin nisa cikin ruwan zafi?