Yadda Ake Gane Sikila a Ɗakin Gwaje-gwaje

Kowane ɗan Adam yana gadon kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. A kan na 11 akwai ƙwayar gado da ke tsara wani ɓangare na hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Yawancin mutane nau'in A suke gada ta ɓangarorin biyu. Wanda ya gaji S daga uwa da uba shi ne mai sikila, ko amosanin jini. Da iska ta yi ƙaranci a jininsa sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗiga jini a kan gilashi, a zuba masa sinadarin da ke zuƙe iska, a rufe, sannan a duba da madubin likita. In ƙwayoyin sun lanƙwashe, akwai S. Sai dai iyakarsa ke nan, ba ya bambance AS (mai A da S) da SS (mai S biyu), don haka kuskure ne babba a ɗaura aure a kansa.

Gwajin da ake dogara da shi sunansa elektiroforesis. Ma'aikaci zai fasa ƙwayoyin jinin, ya ɗiga hemogulobin ɗin a gefen wata takarda ta musamman da aka jiƙa da ruwan sinadari, ya sakar mata wutar lantarki. Nau'in A ya fi sauri, S na bin sa a baya, wani nau'in kuma mai suna C ya fi su nawa. Layi ɗaya a gurbin A na nufin AA, layi biyu a gurbin A da S na nufin AS. Da irin wannan dabara Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949, a Amurka, cewa hemogulobin ɗin mai sikila daban yake. Dole a jera jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe don kwatance. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuwa sai ya jira wata uku, in ba haka ba jinin wani za a karanta masa.

A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Idan biyu irinsu suka yi aure, kowane ciki yana da kaso 25 cikin 100 na zuwa da SS. Lissafin sabo ne a kowace haihuwa: samun mai sikila a fari ba ya kare ƙannensa uku masu zuwa.